Daga Zauren Fatoma Zuwa Kuɗin Wata

Kafin mu san wani abu wai shi kuɗin wata, a ƙasar Damagaram fatoma muka sani. A zamanin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, ayarin da ya taso daga Agadas ko Kano a Zango yake sauka, gidan wani da ya amsa sunan mai masauki. Shi zai ba baƙo ɗaki da abinci, ya killace masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ɗauki kaya bashi. Ladansa la'ada ce, ita kuwa la'ada bayan ciniki take bi. In kasuwa ta yi kyau su dara tare, in ta mutu fatoma ma ya kwana da hannu wofi. Wannan tsari ne Hausawa suka kai har Kumasi da Sabo ta Ibadan, inda masu gida suka riƙe fataucin shanu da goro da amana kawai.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, hanyar Sahara ta fara mutuwa. A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga Zinder zuwa Yamai. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka zo da kanti mai ƙofa da kwaɗo, kuɗin gyaɗa kuma ya koya wa attajiranmu cewa gini ma haja ne. Sai dai a kasuwannin mako irin ta Gidigir, a kan hanyar Zinder zuwa Gure, abin bai yi saurin isowa ba. Rumfar zana ce da 'yan sanduna, Manga ya kawo kanwa, Bafillatani da Buzu su koro dabbobi, Bahaushe ya baza tufafi da ƙananan kaya, a biya kuɗin kasuwa, la'asar ta yi kowa ya naɗe.

Fari ne da kwalta suka sauya wannan. Bayan farin 1973 da 1974, mutane da yawa da garkensu ya ƙare sun gangaro bakin hanya neman abin yi, kuma ƙaramin jari bai da mafaka da ta wuce tebur ko ɗan shago. Wanda yake da fili a bakin titi ya fasa katangar gidansa, ya fitar da ƙofa biyu ko uku, ya rufa da kwano. Ranar da aka yanka wa wannan ɗaki kuɗi a wata, a ganina, ranar ce aka raba mai wuri da mai kaya. Haya ba ta tambayar ko an yi ciniki. Watan azumi da ake rububin sukari da watan bazara da rumbu ya ƙare, duk farashinsu ɗaya.

An fara jin nauyin haka a 1984. A watan Afrilu gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya ta kuma sauya launin naira, damina ta ƙi, har mutane suka raɗa wa yunwar shekarar suna El Buhari. Iyaka ba ta buɗe ba sai 1986. Yankin da kayansa daga Kano suke zuwa, dabbobinsa kuma can suke tafiya, ya tsaya cik. Shekara goma bayan rufe iyakar, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi, ɗan kasuwa ya wayi gari jarinsa ba ya cika kantar da ya cika jiya.

Duk wanda ya zauna kusa da ɗan hayar shago a irin wannan lokaci ya san alamun. Ana jera gwangwanin madara da tumatir sahu ɗaya a bakin kanta don kada a ga bayan fayau ne. Littafin bashi yana kumbura, akwatin kuɗi yana ramewa. Da yammar ranar kasuwa mai shago zai leƙo, a gaisa, a tambayi iyali, sannan ya ce, "Malam, watan nan fa ya yi nisa." Ɗan haya ya sunkuyar da kai: "Alhaji, a ƙara mini haƙuri zuwa kasuwa mai zuwa." Kada kuma mu ɗauka kowane mai shago attajiri ne. Sau da yawa tsoho ne da ya daina noma, ko gwauruwa da marayu a gabanta, waɗanda wannan 'yar hayar ce hatsinsu.

Doka ta zo daga baya. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, kuma dokar kasuwancinta da aka sabunta a 2010 ta ba ɗan hayar da ya yi shekara biyu yana sana'a a wuri haƙƙin a sabunta masa. Ta kuma ce ba a korarsa kan bashin haya sai an yi masa gargaɗi a rubuce, an jira wata guda, an je gaban alƙali. Tsari ne mai kyau. Amma a garuruwa irin Gidigir yawancin haya da baki ake ƙulla ta gaban shaidu, in rigima ta tashi kuma wurin sarkin kasuwa ko liman ko mai gari ake zuwa. Sulhun da ake yi a can, a yafe wata ɗaya, a raba sauran zuwa kaka, ko a karɓi buhun gero a madadin kuɗi, ragowar tarbiyyar fatoma ce, lokacin da asarar baƙo take asarar mai gida.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada wannan ragowa sosai. Najeriya ta sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A farkon 2023 canjin takardun naira ya ƙafar da tsabar kuɗi, a yankin da naira take yawo kafaɗa da kafaɗa da sefa. Sai juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar da takunkumin ƙungiyar CEDEAO, wanda ba a ɗage ba sai Fabrairun 2024. Faɗuwar naira kuma ta sa makiyayin da ya sayar da rago ya dawo da kuɗin da ba su kai na da ba, shi ne kuwa mai sayen shayi da sukari da atamfa. Wasu 'yan haya sun mayar da makulli, sun koma tebur da rumfar zana a ranar kasuwa. Wasu masu shaguna kuma sun gwammace su bar tsohon ɗan haya da bashin watanni a kansa, domin sun lissafa cewa in suka fitar da shi babu wani mai jarin da zai shigo.