Na'urar Auna Sanyin Firjin Rigakafi

Ana ajiye yawancin magungunan rigakafi a sanyin digiri 2 zuwa 8. Zafi yana kashe ƙarfin ɗigon shan-inna, daskarewa kuma tana lalata allurar Penta. Shi ya sa ake saka wa firji 'yar na'ura mai layin waya. Da sanyin ya kauce, sai ta tura wa ma'aikaci saƙo.

A Anka, Gummi da Bukkuyum zafin Afrilu kan haura digiri 40, don haka tana da amfani. Sai dai ta dogara da sabis, kuma a Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara. Dole ma'aikaci ya riƙa duba firji safe da yamma.

Iyaye, ku duba tambarin jikin kwalba: in ɗan murabba'in ciki ya yi duhu kamar da'irar, kada a ba yaro.