Daga Ƙofar Mazugal Zuwa Bompai: Ina 'Ya'yan Makarantun Fada?



Duk wanda ya fito ta Ƙofar Mazugal ya bi ta Fagge ya nufi Sabon Gari, tafiyar ba ta da nisa a ƙafa. Amma a zamanin Turawa tsakanin ƙofar nan da makarantun mishan akwai katangar da ta fi badala kauri. A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller, 'yan mishan ɗin Angilika, suka shigo Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Da Turawa suka ci garin a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, don haka ba a bar mishan ta kafa komai a cikin birni ba. Ko makarantar boko ta farko, wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909, ta gwamnati ce.

Jirgin ƙasa ne ya kawo Katolika. Da dogo ya iso Kano a 1911, akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga Kudu suka biyo shi, aka yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa, fada-fada kuma suka biyo mabiyansu. A 1948 sistocin St. Louis suka iso daga ƙasar Ailan, kuma Kano ce masaukinsu na farko a duk Nijeriya. Asalin ƙungiyar tasu daga Faransa take, an kafa ta a 1842. Makarantar 'yan mata ta St. Louis da ke Bompai aikinsu ce, haka kuma garin ya san St. Thomas.

Abin da aka cika tsallakewa shi ne, ba 'ya'yan Kirista kaɗai suka zauna a azuzuwan nan ba. Ma'aikata da attajirai Musulmi sun kai 'ya'yansu, saboda Turanci da kuma horo, ko da dangi na gunaguni cewa za a mayar da yaro arne. Sarki Muhammadu Sanusi II kansa firamaren St. Anne's ya yi a Kakuri ta Kaduna. Ku yi tunanin yarinyar da ke kwana a cikin birni, ta yi karatun allo da asuba, hantsi ya same ta gaban Sista 'yar Ailan. A ganina wannan kaɗai littafi ne guda, amma mu kullum muna kan labarin kishiya da uwar miji.

Abubuwa biyu suka raba ɗalibai da makarantunsu. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun kwashe dubban mazauna Sabon Gari zuwa Gabas, wasu ba su sake dawowa ba. Sannan a shekarun 1970 gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan da yawa, suka sauya musu suna. A Kaduna St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. Wanda takardar shaidarsa ke ɗauke da tsohon suna, in ya koma sai ya tarar da wani allo a bakin ƙofa, malaman ma ba su san waƙar makarantar da ya haddace ba. St. Louis ta Kano dai ta tsira da sunanta.

Yau WhatsApp da Facebook ne ke sake haɗa su. Aji guda sai ka tarar wata tana Gwammaja, wata Inugu, wata Landan, ana tura tsohon hoto ana gardamar wace ce ta uku daga hagu. Zumuncin yana da kyau, gudummawar gyaran aji ma haka, sai dai hirar waya ba ta zama tarihi. Wadda ta shiga aji ɗaya a 1960 yanzu ta haura saba'in. Mai son rubuta wannan babi ya fara da ita tun tana iya tunawa, ya tambaye ta wa ya biya kuɗin makaranta, me kakarta ta ce ranar da aka kai ta, da yadda ake yi da su in azumi ya zo. Bayan nan ya nemi izinin duba rajistar shiga ta makarantar, ya gwada abin da ta faɗa da abin da aka rubuta.