EVE Online

EVE Online wasan kwamfuta ne na sararin samaniya da ake yi ta intanet. Kamfanin CCP Games da ke birnin Reykjavik na ƙasar Aisland ne ya fitar da shi a watan Mayu na 2003. Ɗan wasa yakan tuƙa jirgi a wata duniya ta ƙirƙira mai suna New Eden, mai taurari sama da 7,000, inda yake haƙar ma'adanai, ko kasuwanci da kuɗin wasan da ake kira ISK, ko yaƙi. Mafi yawan 'yan wasa suna haɗuwa ne a uwar garke guda, Tranquility.

Abin da ya raya wasan fiye da shekara 20 shi ne ba a daina gina shi ba. Sabuntawar Apocrypha ta 2009 ta buɗe ƙofofi zuwa yankunan da babu su a taswira. Ta Incarna a 2011 kuwa ta fusata jama'a saboda tsadar kayan kwalliya da ake saye da kuɗin gaske, har 'yan wasa suka yi zanga-zanga a cikin wasan, shugaban kamfanin ya ba da haƙuri. Tun 2008 'yan wasa ke zaɓen wakilan da ke kai ƙorafinsu ga kamfanin, tsarin da ya cancanci yabo. A 2016 sabuntawar Ascension ta ba da damar yin wasan kyauta. Kamfanin Pearl Abyss na Koriya ta Kudu ya sayi CCP a 2018.