Tsanin da ya karye: ƙwallon Kaduna da ƙorafin gidajen kallon Zariya

A ranar 21 ga Yunin 1994, a birnin Dalas na Amurka, Najeriya ta buga wasanta na farko a gasar cin kofin duniya, ta lallasa Bulgeriya da ci uku da nema. Rashidi Yekini ne ya buɗe ragar, Daniel Amokachi ya ƙara ta biyu. Dukansu a Kaduna aka haife su. Bayan shekara biyu, a wasan ƙarshe na Olamfik ɗin 1996, Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2. Celestine Babayaro ya ci ta farko da ka, Amokachi ya farke ta biyu, kafin Emmanuel Amunike ya rufe wasan. Shi ma Babayaro haihuwar Kaduna ne, haka Tijjani Babangida da Garba Lawal, waɗanda su ma suka rataya zinaren wannan shekara.

Wannan tarihi shi ne ke ƙarƙashin gardamar da ake yi yau a Dutsen Abba, ɗaya daga cikin gundumomin ƙaramar hukumar Zariya, da Tudun Wada da Gyallesu da sauran unguwanni, ko da masu gardamar ba su ambace shi ba. Duk lokacin da aka fitar da sunayen waɗanda aka gayyata Super Eagles, sai a bi jerin da yatsa a waya, a teburin mai shayi ko a bakin gidan kallo, daga nan sai wani ya tambaya: to ina namu? Masu furfura su ce a zamaninsu Kaduna ce ke ciyar da ƙungiyar ƙasa. Samari su ce son kai ne na masu zaɓe, wasu su ce sai kana da ubangida. Ban raina wannan ƙorafi ba, domin akwai ciwo na gaskiya a cikinsa. Sai dai ina ganin an fi ɗora laifin a kan mai horarwa da hukumar ƙwallo ta Abuja, alhali ɓarnar ta fara ne a kusa da gida.

A duba inda waɗancan 'yan wasa suka fito. Yekini ya fara ne a ƙungiyar UNTL, wato ta babbar masaƙar nan ta Kaduna. Amokachi kuwa a Ranchers Bees ya yi suna, ƙungiyar da a da ake kira DIC Bees saboda alaƙarta da masana'antar ƙera makamai ta soja, kafin ta koma hannun Alhaji Muktar Aruwa. A wancan zamani kamfani ko ma'aikatar gwamnati kan riƙe ƙungiyar ƙwallo kamar yadda take riƙe asibitin ma'aikata. Yaro mai ƙafa yana da albashi, yana da filin atisaye, yana da manya a gabansa da zai koya daga gare su, kuma iyayensa ba za su ce ya lalace ba tunda ga aiki a hannu. Ko Kano Pillars da aka kafa a 1990, daga haɗakar ƙungiyoyi uku ta fito, biyu daga cikinsu na hukumar ruwa ta WRECA ce da ta Bank of the North.

Ranchers Bees ba ƙaramar ƙungiya ba ce. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar Afirka ta masu riƙe da kofin ƙalubale, Bizertin ta Tunisiya ta doke ta da ƙwallo ɗaya tal. A 1989 ta ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma. Daga cikinta mai horar da ƙungiyar ƙasa na lokacin, Clemens Westerhof, ya ɗauki Amokachi, yana saurayi da bai cika ashirin ba, ya tafi da shi gasar cin kofin Afirka ta 1990 a Aljeriya, a shekarar kuma Club Brugge ta Beljiyam ta saye shi. Tsani ne mai matakai a bayyane: filin unguwa, gasar makarantu, ƙungiyar kamfani, ƙungiyar ƙasa, sannan Turai. Bazazzagin da ke son ganin ƙwallo mai kyau a lokacin, tafiyar kusan kilomita 80 ce tsakaninsa da filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna. Wanda bai samu zuwa ba yana da Rediyon Kaduna, ya kasa kunne ya ji sunayen mutanen da watakila ya san gidajensu.

Arewa ma ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. Kano ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa tun 1953. Mighty Jets ta Jos ce ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta lashe a 1978, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki kofin ƙalubale a 1991 da 1992.

Sai masaƙun Kaduna suka fara mutuwa. Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002. UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Dubban ma'aikata suka koma gida, kuma kamfanin da ya kasa biyan masu saƙa ba zai sayi takalmin ƙwallo ba. Ƙungiyoyi suka koma hannun gwamnatocin jihohi, inda rayuwarsu ta rataya a kan ko gwamna mai ci yana sha'awar wasan ko ba ya yi. Kaduna United ta ɗan haskaka a 2010 da ta doke Enyimba a bugun fenariti ta ɗauki kofin ƙalubale, amma bayan 'yan shekaru ta faɗa gasar 'yan dagaji. Ranchers Bees ma haka ta yi ta hawa da sauka.

A daidai wannan lokaci ne tauraron ɗan'adam ya shigo unguwa. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, Mikel Obi ya je Chelsea a 2006, kuma kowanensu ya ja zukatan miliyoyin 'yan Najeriya zuwa Landan. Gidan kallo ya zama sana'a: rumfar kwano ko ta buhu, bencina, janareto, talabijin biyu ko uku, da allo a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Babu abin zargi a nan. Mutum ya biya kuɗi kaɗan ya ga wasa mai tsafta, an fara a kan lokaci, fili kore shar, alƙalin wasa ba ya tsoron a tare shi a ƙofa. Amma sakamakon shi ne, saurayi a Dutsen Abba zai lissafa maka 'yan benci na Real Madrid, ya faɗa maka nawa aka sayi kowane, yana cewa "mun saya" da "mun sayar", ba tare da ya taɓa ganin wasan lig na Najeriya ko ɗaya da idonsa ba.

Zariya kanta ta haifi 'yan wasan da suka sa rigar ƙasa, sai dai labarinsu ma yana nuna giɓin. A nan aka haifi Shola Ameobi a 1981, iyayensa suka tafi da shi Ingila yana ɗan shekara biyar. Newcastle ce ta raine shi, ya buga wa matasan Ingila, sai a 2012 ya fara buga wa Najeriya, har ya je kofin duniya na 2014. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da kwalejojin Barewa da Alhudahuda, da filayen da yara ke cika su kowace la'asar, ya daɗe ba shi da ƙungiya a babbar gasar ƙasa da zai kira tasa.

Shi ya sa Zazzagawa da yawa masu son ƙwallon gida suka jingina da Kano Pillars. Sai Masu Gida sun ba su abin alfahari: kofin lig a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 suka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Sun yi kimanin shekara 12 ba a doke su a gida a lig ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. A 2019, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, suka ɗauki kofin ƙalubale karo na farko bayan doke Niger Tornadoes a fenariti. Ahmed Musa shi ne shaidar cewa tsohuwar hanyar tana aiki idan an bar ta: ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Pillars, ya tafi Holan a 2010, daga nan Rasha da Ingila, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Aisilan biyu a 2018. Amma ko Pillars ɗin ta faɗi daga babbar gasar a 2022, a kakar da rikicin 'yan kallo ya jawo mata hukunci, kafin ta dawo bayan shekara guda. Wannan ɓangaren laifinmu ne mu magoya baya, kuma ba a cika son a faɗe shi a majalisa ba. Uban da ya san za a iya jifa a fili ba zai kai ɗansa kallo ba.

Akwai kuma ƙorafi na biyu, cewa an daina kawo Super Eagles arewa. Wannan ma yana da tushe. A Yunin 2005 aka yi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, da Angola a filin Sani Abacha na Kano, wanda a ƙarshe ya hana Najeriya zuwa kofin duniya na 2006. Aka yi ta zargin zafin ranar Kano da shugaban hukumar na lokacin, Ibrahim Galadima, kamar rana ce ta hana 'yan wasa cin ƙwallo ta biyu. A Maris ɗin 2016 aka kawo wasan Najeriya da Masar Kaduna, aka buɗe ƙofa kyauta, jama'a suka cika filin har wasu suka ɗare fitilu da allon sakamako. Oghenekaro Etebo ya ci, Mohamed Salah ya farke ana dab da tashi. Hotunan ranar sun zaga duniya a matsayin abin tsoro, kuma lallai Allah ne ya kiyaye. Ni abin da na gani a cikinsu shi ne yunwar mutanen da aka daɗe ba a ba su ƙwallo ba. Tun daga nan yawancin wasannin gida a Uyo ake yin su, kuma idan aka tambaya sai a ce filayenmu ba su cika sharuɗɗan hukumar Afirka ba. Gyaran fili kuwa aikin gwamnatin da ke riƙe da shi ne.

Ba a ce kuma arewa ba ta da murya a hukumar ba. Galadima ɗan Kano ne, Aminu Maigari na Bauchi ya shugabance ta daga 2010 zuwa 2014, Ibrahim Gusau ya hau a 2022. A zamanin Maigari ne mai horarwa Stephen Keshi ya ɗauki kofin Afirka na 2013, ya kuma yi abin da magoya baya ke nema kullum, wato ya amince da 'yan wasan gida. Sunday Mba, wanda ya ci Burkina Faso ƙwallon da ta kawo kofin, a lig ɗin Najeriya yake wasa a lokacin. Amma mai horarwa ba ya zaɓar ɗan wasan da bai gani ba, kuma ba zai ga yaron Dutsen Abba ba muddin babu ƙungiyar da za ta fito da shi daga filin unguwa ta kai shi inda ake kallo.

Yaran suna nan. Sadiq Umar, haihuwar Kaduna a 1997, ya ci biyu a wasan da Najeriya ta doke Honduras ta samu tagulla a Olamfik ɗin 2016, ya yi wasa a Italiya da Sabiya da Sifen, daga baya kuma ya dawo ya sa kuɗinsa a Ranchers Bees. Abin da Zariya ke buƙata bai wuce irin wannan ba: attajiran gari da tsofaffin ɗaliban makarantunta su riƙe ƙungiya ɗaya da gaske, a biya albashi a kan kari, a gyara filin wasa na gari, a dawo da gasar makarantun sakandare. Mu kuma da ke biyan kuɗin gidan kallo kowace Asabar, mu yarda mu biya kwatankwacinsa a ƙofar fili ranar Lahadi, mu zauna har a tashi ko an ci mu.