Pauline Ferrand-Prévot: Kambu Uku Cikin Shekara Guda

Masu tseren keke a Turai gida-gida suke, kowa da fagensa. Akwai 'yan kwalta, akwai masu hawan dutse, akwai kuma 'yan taɓo, waɗanda ke tsere da hunturu a cikin laka. Idan taya ta kafe, sai mahayi ya sauko ya saɓa keken a kafaɗa ya ruga da ƙafa, kamar dai manomin da ruwan Agusta ya rutsa da shi a hanyar gona a gindin Dutsen Kagoro. Kekunan ma ba iri ɗaya ba ne: na kwalta siririyar taya gare shi, na dutse kuwa mai kauri ce da haƙora.

Pauline Ferrand-Prévot, wadda aka haifa a Reims ta Faransa a 1992, ta ƙi zaɓar gida ɗaya.

A Satumban 2014 ta ci kambun duniya na kwalta a Ponferrada, ƙasar Sifen. Ƙarshen Janairun 2015 ta ɗauke na taɓo a Tábor ta Jamhuriyar Cek, sannan a Satumba ta haɗa da na dutse a Andora. Tana da shekara 23 ke nan, kuma kafin ita babu namiji ko mace da ya taɓa riƙe ukun nan lokaci guda.

Daga nan al'amura suka dagule. A Olamfik ta Rio a 2016 ba ta ma ƙarasa tseren dutse ba. Ƙafarta ta riƙa mutuwa idan ta matsa feda da ƙarfi, har likitoci suka gano cewa jijiyar da ke kai jini ƙafar ce ta tsuke. Sau biyu aka yi mata tiyata, a 2019 da 2020. Abin da ya fi ba da mamaki a tarihinta, a ganina, shi ne a waɗannan shekaru biyun ne ta sake cin kambun dutse a jere. A 2022 da aka fara gasar duniya ta hanyar tsakuwa a Italiya, ita ce ta fara ɗauka.

Zinaren Olamfik kaɗai ya yi ta kufce mata, har zuwa 28 ga Yulin 2024. A tudun Élancourt, kusa da Paris, ta ba Haley Batten ta Amurka ratar kusan minti uku.

Sai ta jingine keken dutse ta koma kwalta tare da ƙungiyar Visma-Lease a Bike. A Afrilun 2025 ta ci Paris-Roubaix, tseren da ake yi kan tsofaffin hanyoyin daɓen dutse. A Agusta ta tsere wa kowa a hawan tsaunin Madeleine, ta lashe Tour de France ta mata. Rabon Faransa da lashe wannan gasa tun nasarar Bernard Hinault a 1985 a ɓangaren maza, da ta Jeannie Longo a 1989 a tsohuwar gasar mata.