Arlit da Akokan: Rayuwar Ma'aikatan Yuraniyom a Hannun Kamfani

Ranar 31 ga Maris 2021 aka tsayar da aiki a mahaƙar Akuta da ke arewacin Jamhuriyar Nijar, bayan shekaru arba'in da uku ana fitar da yuraniyom daga cikinta. Kamfanin COMINAK da ke tafiyar da ita yana da ma'aikata kusan 600 a lokacin, ban da wasu ɗaruruwa da ke aiki a ƙarƙashin 'yan kwangila. Rami ɗaya suke shiga, ƙura ɗaya suke shaƙa, amma da ranar sallama ta zo ba a auna musu da mudu ɗaya ba. Wannan bambanci ya girme wa ranar rufewa. Tare da garin aka haife shi.

Hukumar makamashin nukiliya ta Faransa ce ta gano arzikin da ke kwance a yammacin duwatsun Abzin. Aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya fara fitar da ma'adini a 1971 daga buɗaɗɗun ramuka. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a 1978, shi kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake haƙa, a zurfin kimanin mita 250. Gwamnatin Nijar ta kasance tana da hannun jari a duka biyun, sai dai ragama ta kasance a hannun uwar kamfani ta Faransa, wadda ta sha sauya suna: COGEMA, sannan Areva daga 2001, sannan Orano daga 2018.

Kafin zuwan kamfani babu gari a wurin, sai hamada da makiyaya masu wucewa. Saboda haka komai kamfani ne ya gina: gidaje, kantuna, asibiti, famfunan ruwa da wutar lantarki. Arlit ta tashi a gefen SOMAIR, Akokan a gefen COMINAK. Da farashin yuraniyom ya yi tashin gwauron zabo a tsakiyar shekarun 1970, samari suka yi ta kwarara daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da yammacin ƙasar, har da ƙasashen maƙwabta. Albashin ya fi na akasarin ma'aikatan ƙasar, ga magani kyauta ga ma'aikaci da iyalinsa. Har aka yi wa garin laƙabi da Paris ta biyu, kuma wanda ya koma gida hutu da rediyo da sababbin tufafi, shi ne abin kallo a ƙauyensu.

Tsarin unguwanni shi ne madubin tsarin aiki. Manyan jami'ai, waɗanda a farkon zamani yawancinsu Turawa ne, suna da unguwarsu mai shuke-shuke da wuraren shaƙatawa. Masu kula da ma'aikata suna da tasu, leburori suna da tasu. Bayan waɗannan duka kuma sai unguwannin da babu su a taswirar kamfani, inda 'yan cirani da masu jiran aiki da makiyayan da fari ya raba da dabbobinsu suka kafa matsuguni da tabarmi da kwano da tarkacen ƙarfe. Sunan da aka ba su, Bukoki, kalmar Hausa ce, daga bukka, kuma da shi ake kiran wuraren har a rubuce-rubucen Faransanci.

Abin da tsofaffin ma'aikata suka fi maimaitawa game da shekarun farko shi ne rashin sani. Sun ce ba a bayyana musu haɗarin abin da suke haƙa ba, cewa sun daɗe suna aiki ba tare da abin rufe hanci ba, ba tare da na'urar auna tururin da jiki ya ɗauka ba, kuma da kayan aikinsu suke komawa gida matansu su wanke. A cewarsu, sai wajen tsakiyar shekarun 1980 aka fara tsaurara matakan kariya. Haɗarin yuraniyom kuwa ba irin na faɗuwar dutse ba ne da ake gani nan take. Iskar radon da ƙurar ma'adinin suna shiga huhu, cutar kuma takan ɗauki shekaru goma ko ashirin kafin ta bayyana, sau da yawa bayan mutum ya yi ritaya ya koma garinsu, inda babu mai danganta tarinsa da Arlit.

A nan ne alherin kamfani ya zama sarƙa. A wancan lokaci asibitocin garuruwan biyu na kamfanonin ne, likitocin kuma su ke biyansu albashi. Ma'aikaci ya samu kulawar da ba ta samuwa a yawancin garuruwan Nijar, wannan gaskiya ne. Amma wanda zai rubuta cewa aiki ne ya jawo ciwo, shi ma ma'aikacin wanda za a tuhuma ne. Kamfanin ya tsaya a kan cewa yana bin ƙa'idojin duniya na kariya, kuma ba a tabbatar da cewa aikin ne ke kashe mutane ba. Ma'aikata da yawa ba su gamsu ba. Ɗaya daga cikinsu, Almustafa Alhasan, ma'aikacin SOMAIR, ya jagoranci kafa ƙungiyar Aghirin'man a farkon shekarun 2000, yana kan aikinsa, abin da ba ƙaramar kasada ba ce a garin da gida da ruwa da magani duk na mai ba da aiki ne. Bisa gayyatar ƙungiyar, masu bincike na CRIIRAD daga Faransa suka zo a Disamba 2003. An karɓe wasu na'urorinsu a Yamai, amma duk da haka sun gano gurɓatattun ƙarafa daga ma'aikatun ana sayar da su a kasuwa, irin waɗanda maƙera ke mayarwa kayan amfanin gida. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu wurare a titunan Akokan, ta samu tururin ya ninka na al'ada har sau ɗari biyar.

Wata shari'a da aka yi a Faransa ta fito da ƙashin bayan lamarin. Wani Bafaranshe da ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985 ya mutu da sankarar huhu a 2009, iyalinsa suka kai ƙara. A Mayu 2012 wata kotu a garin Melun ta ɗora wa Areva laifi. A Oktoba 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa COMINAK ne ya ɗauke shi aiki, kamfanin da aka yi wa rajista a Nijar, ba Areva ba. Idan iyalin Bature mai lauyoyi da takardun asibitin Faransa sun tashi a tutar babu saboda sunan da ke kan takardar ɗaukar aiki, ana iya ƙiyasta matsayin leburan da ya koma ƙauye ba shi da ko kwafin takardar gwajinsa. An kafa wata cibiyar bibiyar lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas a ƙarshen 2011, amma shekara guda bayan haka ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa, wadda aka ƙulla yarjejeniyar da ita, ta janye, tana cewa abin ya koma neman suna.

A ƙasan kowa kuma akwai ma'aikatan 'yan kwangila. Bayan faɗuwar farashi a farkon shekarun 1980 kamfanonin sun rage ma'aikata, kuma a hankali ayyuka da dama, kamar dako da gadi da shara da gyare-gyare, suka koma hannun ƙananan kamfanoni. Albashin waɗannan ya yi ƙasa, haƙƙoƙinsu sun fi rauni, kuma a idon doka ba ma'aikatan mahaƙar ba ne. Lokacin rufe Akuta, ma'aikatan COMINAK sun samu kuɗin sallama da alƙawarin kula da lafiyarsu na wasu shekaru, bayan tattaunawa da ƙungiyoyin ƙwadago. Na 'yan kwangila sai da suka yi ta koke da zanga-zanga, abin da ya iso hannunsu kuma bai kama ƙafar na abokan aikinsu ba.

An ƙiyasta cewa Akuta ta ba da tan dubu 75 na yuraniyom, ta kuma bar dusar ma'adini mai tururi kimanin tan miliyan 20 jibge a bayan Akokan, wadda kamfanin ya ɗauki alƙawarin rufewa da yumɓu da duwatsu. SOMAIR kuwa ya ci gaba da aiki har dangantaka ta yi tsami tsakanin Yamai da Paris bayan juyin mulkin Yuli 2023. A Disamba 2024 Orano ya sanar da cewa tafiyar da kamfanin ta kuɓuce masa, a Yuni 2025 kuma gwamnatin Nijar ta mayar da shi mallakar ƙasa, tare da ma'aikatansa da ramukansa.