Tarihin fiɗar gwaiwa, daga Italiya zuwa Galmi

Jama'a, gwaiwa tsohon ciwo ce. Naman mara ne ke sakewa, hanji ya samu ƙofa ya zazzago. Manomi da mai jan guga da mai ɗaukar duwatsu sun san ta, amma kunya kan hana su faɗi.

A da can, ko a ƙasar Turai, magani ya fi ciwon muni. Masu yawon fiɗa gari gari sukan yanke har da ƙwan mutum guda, da yawa kuma ruɓar miki ta kashe su. Sai a 1846 aka fara sa majinyaci barci da magani a Amurka, a 1867 kuma Lister na Ingila ya koyar da tsabtace miki. Daga 1884 wani lokotoron Italiya, Bassini, ya gano yadda ake ɗinke bangon marar, ƙofar ta rufe. A 1958 aka soma shimfiɗa ragar roba a wurin. Ragar na da tsada. Saboda haka likitocin Indiya suka gwada yadin gidan sauro marar magani, wanda aka tsabtace. Binciken Uganda na 2016 ya nuna aikinsa bai kasa na mai tsadar ba.

A wajenmu, asibitin Galmi, kan hanyar Ƙwanni, ya buɗe a 1950. Tun lokacin mutanen Madawa da Buza da Keita ke zuwa can fiɗa.

Jinyar ma ta sake. Da, sai a kwantar da mutum makwanni bisa gado. Yanzu ran fiɗa ko kashegari a ce ya tashi ya taka. Ƙaramin aiki bayan mako ɗaya ko biyu, amma buhun gero da galma sai an yi wata ko fiye. Shi ya sa mai dabara ke zuwa da rani, kafin shuka. Hatsari bai ƙare ba: miki kan yi ruwa, gaba kan kumbura, wajen mutum ɗaya cikin goma kan daɗe yana jin zafi, wani kuma ta dawo masa. Zazzaɓi ko mugunya na nufin a koma asibiti.

Jira ya fi duk waɗannan hatsari. In kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga amai, ba bayan gida, to hanji ya shaƙe, kuma cikin awoyi kaɗan yana iya mutuwa. A nemi mota a daren nan, kada a jira ranar kasuwa.